Sai Masu Gida: tarihin tashin Kano Pillars, da tambayar da ta rage gare mu a Arewa



Bayan final ɗin gasar babban hutu, wadda yara ke ce ma TGV, wani dattijo ya kira mu a cikin shirin wasanni. Bai yi gardamar but ba, bai zagi arbit ba. Tambaya guda ya yi: yaran ga da munka kalla suna taka balo har mutane na hawa katanga, ina za su buga in watan Nuwamba ya kama? Gaskiya ran nan shiru munka yi, munka sa kiɗa. Amma mun yi alkawarin za mu dawo kan maganar. Don mu cika shi, bari mu leƙa Kano, mu ga yadda ekip ɗin da mafi yawanmu munka tashi muna jin sunanta ta samu kafuwa.

Kafin a haifi Pillars

Kano ba baƙuwar balo ba ce. Tun 1953 ekip ɗin garin ta ɗauki babban kup na Najeriya, ta doke Lagos Dynamos a final. A 1978 kuma Raccah Rovers ta Kano ta ci shampiyona ta ƙasa baki ɗaya. Ke nan hazaƙa akwai ta, ƴan kallo akwai su. Abin da babu shi ne ɗorewa. Ekip ta kan tashi, ta haska shekara uku ko huɗu, in mai riƙe da ita ya gaji ko aljihunshi ya yi sanyi sai ta kwanta. Raccah da ta kai ƙololuwa, yau sai a bakin dattawa ake jin ta.

A wancan zamani galibin manyan ekip na ma'aikatu ne da kamfanoni. A Kano akwai WRECA, ta hukumar ruwa da gine-gine ta jiha. Akwai ta Bank of the North. Akwai Kano Golden Stars. Kowace da mutanenta, kowace da shugabanta, kowace tana jan ƴan wasa gefenta. Cikinsu kuwa babu wadda za ta iya tsayawa ita kaɗai gaban manyan kudu irin su Rangers ta Enugu, Shooting Stars ta Ibadan ko Iwuanyanwu ta Owerri.

A 1990 Najeriya ta buɗe gasar ƴan wasa masu cin albashi, wato balo ta zama sana'a a hukumance. A shekarar ne anka haɗe ekip ukun nan anka yi guda. Cikin waɗanda ake ambata a gaba wajen wanga aiki akwai Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar balo ta Najeriya. Ku lura da sunan da anka zaɓa. Ba a ce WRECA ba, ba a ce banki ba, ba a sa sunan wani attajiri ba. An ce Kano Pillars, ginshiƙan Kano. Mai sayar da yadi a Kantin Kwari, ɗan dako a Singa, malamin makaranta a Gwale, kowa ya ga sunan garinshi a gaban riga. Kirarin da ya biyo baya ma daga nan ya fito: sai masu gida.

Wanda ya san halinmu ya san haɗewar nan ba ƙaramin abu ba ce. Shugabanni uku, kujera guda. Masu tsaron gida uku, raga guda. Dole wani ya haƙura. Duk abin da za mu faɗa nan gaba, a kan wannan haƙurin ya tsaya.

Shekara 18 ana jira

Masu tsammanin ana haɗewa sai kup su saurara. Daga 1990 sai 2008 Pillars ta ci shampiyona ta farko, ƙarƙashin antiranar Kadiri Ikhana. Shekara 18 ke nan. Yaron da anka raɗa ma suna shekarar da anka kafa ekip ɗin, ya isa yin bak kafin ya ga kup a hannun masu gida. A tsakani an sha hawa da sauka, an canja masu horaswa, an canja shugabanni, gwamnatoci sun zo sun wuce. Suna dai bai canja ba, riga mai ruwan ɗorawa da kore ba ta canja ba, mutane ba su daina zuwa kallo ba.

Abu na biyu da ya taimaka shi ne fili. Filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata ya karɓi wasannin kup ɗin duniya na matasa a 1999, da na kup ɗin Afirka a 2000, da na ƴan ƙasa da shekara 17 a 2009. Yana cikin gari, talaka na iya zuwa da ƙafa. Nan Pillars ta mai da gidanta, kuma gidan ya zama abin tsoro. Daga 2003 har watan Agusta na 2015 babu ekip ɗin da ta zo Kano ta ci Pillars a wasan shampiyona. Ana lissafa wasa 202 a jere. Nasarawa United ce ta karya wannan tarihi da ci 2 da 1. Shekara 12 baƙo na shigowa, mafi alherin abin da zai koma da shi canjaras.

Daren Alƙahira

Shekarar da sunan Pillars ya ƙetare iyaka ita ce 2009, lokacin da ta shiga gasar zakarun Afirka da antiranar Ivo Sajh, ɗan ƙasar Sulobeniya. Kafin a kai matakin rukuni sai ƙuri'a ta haɗa ta da Al Ahly ta Masar. Ga waɗanda ba su bi lokacin ba: Al Ahly ce ke riƙe da kup ɗin, ita ta ci a 2005, 2006 da 2008, tana da Abu Trika a tsakiya. A Kano anka tashi 1 da 1. Kowa ya ce an gama, don wa ke zuwa Alƙahira ya fito? Sai ga shi an tashi 2 da 2 a can. Da dokar but ɗin waje, Pillars ta wuce, mai riƙe da kup ta zauna gida.

A rukuni ta haɗu da Al Hilal da Al Merrikh na Sudan da Zesco ta Zambiya, ta fito ta ɗaya. A kusa da na ƙarshe sai ta ci karo da ƴar gida, Heartland ta Owerri, wadda a da ake kira Iwuanyanwu. Nan tafiya ta ƙare: 4 da 0 a Owerri, 1 da 0 a Kano. TP Mazembe ta Kwango ce ta ɗauki kup ɗin a shekarar.

A daidai wannan lokaci ne wani yaro siriri mai gudu daga Jos ya sa rigar Pillars, ya ci but 18 a kakar 2009/2010, ya fi kowa a ƙasar. Ahmed Musa ke nan. Daga Kano ya tafi VVV-Venlo a Holan, daga nan CSKA ta Mosko a 2012, sai Leicester a 2016. Shi ya ci Ajantina biyu a kup ɗin duniya na 2014, ya ci Aisland biyu a na 2018. Mu ƴan Nijar mun san hanyar, don namu Moussa Maazou ya riga shi sa rigar CSKA, bayan ya fito daga AS FAN ya bi ta Lokeren ta Beljiyam. Abin lura shi ne su biyun duka daga ekip ta cikin gida anka gan su. Da babu wurin bugawa kowane mako, da babu wanda zai san da su.

Uku a jere

Daga nan sai zamanin da Kanawa ba za su manta ba. Pillars ta ci shampiyona a 2012, ta sake a 2013, duka da Mohammed Baba Ganaru, ta ƙara a 2014 da Okey Emordi. Uku a jere, huɗu jimilla. A tsakiyar fili akwai Rabiu Ali, wanda ake ce ma Pele, ɗan Kano da ya daɗe yana ɗauke da ekip ɗin a kafaɗa. A gaba akwai Gambo Mohammed. Ƴan gida da baƙi daga kudu da wasu ƙasashe, duk riga guda.

Amma tarihi ba kirari ba ne, sai mu faɗi ɗaya gefen. A Afirka, abin 2009 bai maimaitu ba. AC Léopards ta fidda su a 2013, AS Vita a 2014, Moghreb ta Tetuwan a 2015, duka tun kafin rukuni. A watan Maris na 2015 kuma ƴan fashi sunka buɗe ma motar ekip ɗin wuta a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna tafiya wasa Owerri, ƴan wasa biyar sunka ji rauni. Wannan ma yana cikin kuɗin da ake biya in ana balo a ƙasashenmu: doguwar hanya, cikin mota, da rai a hannun Allah.

Sai labarin kup. A final ɗin 2018 a Asaba, Pillars na gaba da 3 da 0 a kan Rangers. A gidajen kallo an fara murna. Rangers ta rama ukun duka, ta ci a bugun fenariti. Wata ekip da abin ya karya ta. Shekara ta zagayo, 2019, Pillars ta koma final a Kaduna, ta doke Niger Tornadoes a fenariti, ta ɗauki kup ɗin karon farko da sunanta.

Inda bango ya tsage

A 2020 cutar korona ta sa anka mai da filin Sani Abacha wurin killace marasa lafiya, Pillars ta koma buga wasanninta na gida a Kaduna. Masu gida sunka zama baƙi. Da anka dawo Kano a watan Afrilu na 2022, a wasa da Katsina United, sai wasu ƴan kallo sunka kutsa fili, anka farfasa motar baƙi. Hukumar gasar ta ci Pillars tara, ta zabge mata maki uku, ta kore ta zuwa Abuja. Kafin kaka ta ƙare anka sake zabge wasu maki ukun saboda an taɓa mataimakin arbit. A ƙarshen kakar, ekip mai shampiyona huɗu ta faɗa dibiziyo ta biyu.

Ku dubi abin da kyau. Taron da ya sa baƙo ke rawar jiki shekara 12, shi ne ya jawo faɗuwa da ya rasa linzami. Ba wata ekip ce ta fi ƙarfin Pillars ba, hannunta ne ya kashe mata fitila.

Akwai kuma rauni na biyu wanda Kanawa da kansu ke faɗi. Pillars ta gwamnatin jiha ce. Gwamnati ke naɗa shugabanni, ita ke biyan albashi. In mai mulki na son balo, a sha daɗi. In hankalinshi na wani wuri, a ji a jiki. Wato an tsere ma dogaro ga attajiri guda, an faɗa dogaro ga asusu guda.

Duk da haka ba ta mutu ba kamar Raccah. A 2023 ta dawo babbar gasa. Ahmed Musa, wanda ya taɓa dawowa ya buga mata a 2021, ya sake dawowa a 2024. Mi ya hana ta mutuwa? Mutanen gari sun riga sun ɗauke ta tasu. Gwamnan da zai bari Pillars ta rushe a hannunshi ya san abin da zai ji a gari.

Wani zai ce ai Kano ce

Mun san abin da wasunku ke faɗi yanzu: Kano mai miliyoyin mutane da kasuwanni, ina ita ina Dutsi? Maganar na da ƙamshin gaskiya. Shi ya sa za mu ɗan yi nisa, mu kawo misalin ƙaramin gari, a ƙasar Japan.

Garin Kashima mutanenshi ba su kai dubu 70 ba, kusan kwatankwacin kwamin ta Dogon Dutsi. A wancan zamani akwai masana'antar ƙarfe ta Sumitomo a wurin, tana da ekip ɗin ma'aikata da anka kafa a Osaka a 1947, anka maido ta Kashima a 1975. A dibiziyo ta biyu take lokacin da Japan ta yi shirin buɗe gasar sana'a, J.League, wadda ta fara a 1993. Dokar gasar ta ce a cire sunan kamfani a sa na gari, kamar dai yadda Kano ta yi. Ba wanda ya ba Kashima fata saboda ƙanƙantarta. Sai garin da maƙwabtanshi da hukumar lardi sunka haɗa kai, anka gina fili na balo zalla mai rufi, mai ɗaukar mutum dubu 15. Zico na Barazil ya zo a 1991, yana da shekara 38, ya koya musu yadda ɗan wasan sana'a ke rayuwa. Sunka shiga cikin ekip goma na farko da sunan Kashima Antlers.

Sun ci shampiyona ta farko a 1996, sun ci uku a jere daga 2007 zuwa 2009. A 2016 sunka kai final ɗin kup ɗin duniya na kulob-kulob, sai da Real Madrid ta je ƙarin lokaci kafin ta ci su 4 da 2. A 2018 sunka ɗauki kup ɗin zakarun Asiya. Har yau garuruwa biyar ne ke ɗaukar ekip ɗin a matsayin tasu: Kashima, Kamisu, Itako, Namegata da Hokota.

Ba mu ce muna da masana'antar ƙarfe ba, kuma Zico ba zai sauka tashar Dutsi ba. Abin ɗauka a nan guda ne: da babban birni da ƙaramin gari, ƙofa guda sunka bi. An haɗa abin da ke warwatse, an sa mishi sunan ƙasa, an yi mishi gida.

Mu dawo gida

A Nijar ma an taɓa yi. Jangorzo ta Maraɗi ta ci shampiyona a 1983, Espoir ta Damagaram ta ci a 1984. Bayan su, in ka bi jerin zakaru Yamai za ka yi ta gani: Sahel, Olympic, Zumunta, da ekip ɗin ma'aikatu irin su AS FAN, AS GNN, Douanes, Sonidep da Nigelec. Dalilin a fili yake. Su ke da albashi kowane wata, su ke da mota, su ke da fili. Yaron karkara mai ƙafa, ko ya tafi Yamai ko ya aje takalmi. Lokacin da Mena ta je kup ɗin Afirka a 2012 da 2013 duk mun fita titi, amma murnar ba ta bar mana ekip a gida ba.

To mu mi ke gare mu? A Dutsi kowace unguwa da ekip ɗinta, wata fada ma da tata. Haka Matankari, Kiyeshe, Dan Kasari, Sukukutan da Dogon Kiriya. Haka Tibiri, Gesheme, Dumega da Kore Mai Ruwa. In hutu ya zo, ko zaɓe ya matso, sai wani mai hali ya kawo riguna da balo biyu, a sa sunanshi a kan kup, a yi hoto, a watse. Ana gama girbi, wanda ya fi kowa cin but ya hau mota ya tafi cin rani, mai tsaron gida ya koma kabu-kabu. Baɗi a sake daga farko. Halin da Kano ke ciki ke nan kafin 1990, sai dai namu ƙarami ne.

Kuma ba wai ba mu iya tsayawa bayan namu ba. Ku tuna yadda muke yi in ana kokowar takobi. In Issaka Issaka ya shiga fage da sunan jihar Dosso, ba mai tambayar unguwarshi ko jam'iyyarshi. Kowa na manne da rediyo. Abin da muke yi ma ɗan kokowa, mi ya hana mu yi ma ƴan balo?

Ga abin da muke gani, ku kuma ku gyara mana. A riƙa tsamo yaran da sunka fi haskawa a gasar hutu ta kowace kwamin, a yi ekip guda mai sunan ƙasar Arewa, ba sunan mutum ba, ba na jam'iyya ba. A yi mata takardu a bi ta lig ɗin Dosso da FENIFOOT, ta fara daga ƙasa, ba kunya ba ne. Kuɗinta kada ya rataya ga mutum guda ko ga meri kaɗai, mun ga abin da hakan ke jawowa. In mutum dubu biyu, na gida da na waje, sunka yanki kati suna ba da dala ɗari kowane wata, miliyan guda ke nan na sefa. Ba zai sayo tauraro ba, amma zai biya mota, abinci, magani da ɗan abin sabulu. A riƙa karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a rediyo, kowa ya ji, don abin da ke kashe irin wanga tafiya a wurinmu shi ne zargi. Yaran da ke lakwal kuma kada balo ta fidda su aji.

Na ƙarshe ya shafe mu ƴan kallo. Duk mun san abin da ke faruwa a wasu wasannin hutu in arbit ya busa abin da ba mu so. Dutse guda da wani zai jefa na iya rushe aikin shekara goma. In ya faru ga mai shampiyona huɗu, mu da ba mu ko fara ba fa?

Wanda zai shiga wanga aiki ya shiga da sanin cewa mai yiwuwa ba shi zai ɗaga kup ba. Kano ta jira shekara 18. Cikin waɗanda sunka sauka daga kujera a 1990 don a samu ekip guda, da yawa ba a ko tuna sunansu yau, amma albarkacinsu ne Ahmed Musa ya samu inda zai buga.

Baba da ya kira mu, ga iyakar amsar da munka samo: in Nuwamba ta zo, yaran nan ba su da wurin bugawa sai wanda munka gina musu. Shugabannin ekip na unguwanni, tambayar ta dawo gare ku: wa zai fara haƙura da kujerarshi? Muna jiran ra'ayoyinku a nan, za mu karanta su a shirin wasanni mai zuwa in Allah ya kai mu.